Me Ya Shiga, Me Ya Fita?

Kafin a rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, kakar auduga a ƙasar Maska tana da tsarin da ko yaro ya haddace. Manomi ya kai kayansa fuloti, a duba a ba su lamba, a ɗora a sikeli, malami ya rubuta, 'yan dako su danƙara a buhuna, motoci su kwasa zuwa injin gurza na Funtua ko na Malumfashi. Layin dogon da ya ratsa Funtua ya kai Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗa ne suka jawo shi. Yau masara da waken suya sun cinye mafi yawan filin, amma sito-sito na nan maƙare a Funtua da Dandume da Bakori, kuma tambayar da mai kaya ke yi wa yaransa da safe ba ta sake ba: daga jiya zuwa yau, me ya shiga, me ya fita? Hanyar sani uku ce. Ko Alhaji ya sa kwaɗo ya jefa makulli a aljihu, ba mai taɓa buhu sai ya zo neman izini. Ko a bar ƙofa a buɗe, in ana son sani a shiga a ƙirga buhunan kaf a gwada da ƙidayar jiya. Ko kuma a zaunar da mai gadi a bakin ƙofa da littafi da biro. Ta farko tana tsayar da ciniki. Ta biyu ba ta ƙarya, amma tana cin yini. Ta uku nan take take ba da amsa, sai dai amsar ba ta wuce amincin mai gadin ba.

Masu rubuta manhajar kwamfuta sun shafe shekara hamsin suna kai-kawo tsakanin hanyoyin nan uku, sai dai su kayansu fayiloli ne. Babbar manhaja ba rubutu ɗaya ba ce, dubban fayiloli ne a cikin foldoji, hannuwa da yawa na taɓa su lokaci guda. Shi ya sa aka ƙirƙiro wasu manhajoji da ba su da aiki sai riƙe tarihin rubutun: wa ya canza wane layi, yaushe, kuma ta yaya za a koma baya in an yi ɓarna. Wadda ta mamaye duniya yau ita ce Git. Duk matashin da ya fara koyon rubuta manhaja a wata cibiyar kwamfuta a Funtua ko Malumfashi, ba zai yi nisa ba za a koya masa buga git status don ya ga abin da ya taɓa tun ajiyar ƙarshe. Amsa kan fito kafin ya ɗage yatsa, don haka ba zai kawo a ransa cewa akwai wani aiki a ƙarƙashi ba. A farkon 2017, wannan umarnin ɗaya yana cin kusan minti goma a rumbun Windows na kamfanin Microsoft.

Da kwaɗo aka fara. SCCS, wadda Marc Rochkind ya rubuta a Bell Labs a 1972, da RCS ta Walter Tichy a jami'ar Purdue a 1982, duk tsarinsu ɗaya: fayil na zaune a rufe, karantawa kawai ake iya yi. Kana son gyara, sai ka nemi a buɗe maka, manhajar ta rubuta sunanka. Perforce, da ta fito a 1995, ta ɗauki irin wannan tunani ta kai shi manyan kamfanoni: kafin ka taɓa fayil sai ka sanar da babbar kwamfutar tsakiya. Kada a raina wannan tsari. Tambayar me ya canza ba ta da wahala a cikinsa ko kaɗan, ko rumbun na da fayil ɗari ko miliyan, tunda jerin abin da aka buɗe na nan a rubuce tun kafin a tambaya. Google ya daɗe a kan Perforce, kuma masu ƙera wasannin kwamfuta har yau ba su sake ta ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ɗan Adam. A zamanin RCS wani zai kulle fayil ya tafi hutu, abokan aikinsa su yi ta zaman jira. Wani kuma zai cire kullen ta bayan fage ya yi gyara bai faɗa ba, gyaran ya ɓace a tarihi, sai ranar da aiki ya ƙi tashi a kwamfutar kowa ban da tasa.

CVS ce ta cire kwaɗon. Dick Grune ya fitar da ita a 1986 daga Amsterdam, Subversion ta gaje ta daga 2000. Kowa ya gyara abin da ya ga dama, a daidaita daga baya. An sami 'yanci, amma an sayo aiki: yanzu dole manhajar ta bi ta gano da kanta abin da aka taɓa. Karanta kowane fayil daga farko zuwa ƙarshe ba zai yiwu ba, sai aka bi dabara irin wadda Stuart Feldman ya sa a manhajarsa make tun 1976, wato duba lokacin da aka taɓa fayil na ƙarshe. In lokacin bai motsa ba, a ɗauka cikin ma bai motsa ba.

Git cikin gaggawa aka haife shi. Daga 2002 masu rubuta zuciyar Linux suna amfani da BitKeeper, manhajar kasuwa da mai ita, Larry McVoy, ya ba su aro kyauta. A Afrilun 2005 aka sami saɓani, aro ya ƙare. Linus Torvalds ya zauna ya rubuta nasa cikin 'yan kwanaki. Ranar 7 ga wata Git ya fara riƙe tarihin kansa, ranar 16 aka zuba masa Linux: fayil 17,291, layi kusan miliyan 6.7. Ranar 19 aka sanar da Mercurial, ita ma don cike wannan gurbin aka yi ta. A watan Yuli Torvalds ya miƙa ragama ga Junio Hamano, wanda ke riƙe da ita tun daga lokacin.

Torvalds ya san ciki da wajen Linux, ya kuma san cewa tambayar girman fayil da lokacinsa ba tare da buɗe shi ba abu ne mai arha ƙwarai a can, don shi da abokan aikinsa ne suka sa ya yi arha. A kan wannan ya kafa gininsa. A cikin ɓoyayyar foldar .git akwai wani kundi, kowane fayil da layinsa: suna, girma, lokacin taɓawa, lambarsa a faifan ajiya, da lambar shaidar abin da ke cikinsa ta SHA-1. In ka tambaya, Git ya bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Wanda girmansa da lokacinsa suka dace da na kundi, ya wuce shi. Wanda suka saɓa, ya buɗe ya karanta. Sannan ya sake wani zagayen, yana leƙa kowace folda ko akwai sabon fayil da kundin bai san da zamansa ba.

Akwai wani ɗan tarko a nan da nake jin daɗin ba da labarinsa, domin yana nuna halin mutanen da suka gina abin. A ce ka ajiye fayil a kundi, sannan a cikin daƙiƙar nan guda ka canza harafi ɗaya a cikinsa. Girma bai canza ba. Agogo bai motsa ba. Git zai duba ya ce lafiya lau, alhali gyaranka ya sulale. Ba kasafai mutum zai yi wannan saurin da hannu ba, amma manhajojin da ke aiki da kansu suna yi. Maganin da suka samar shi ne zargi: duk fayil ɗin da lokacinsa bai girmi lokacin rubuta kundin kansa ba, ba a yarda da shi, sai an buɗe an karanta. Sun zaɓi a yi aikin banza sau dubu da a ba da amsar ƙarya sau ɗaya. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin duk jan ƙafar da ta biyo baya.

A fayil dubu goma sha bakwai, ƙirgar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Amma lissafin na da aibi tun ran gini: wahalar tana ƙaruwa ne da yawan fayilolin da ka mallaka, ba da yawan waɗanda ka taɓa ba. Ka gyara waƙafi ɗaya, a zagaye gari kaf. Kuma arhar da Torvalds ya dogara da ita ta Linux ce. A Windows wannan tambayar tana da tsada, ga manhajar rigakafin ƙwayoyin cuta da ke tsoma baki a kowane motsi. A fayilolin da ke ajiye a wata kwamfutar ana isa gare su ta waya, kowace tambaya tafiya ce da dawowa. Ko a Linux ɗin ma, saurin na zuwa ne bayan bayanan sun riga sun hau ƙwaƙwalwar wucin gadi. Tambayar farko bayan kunna kwamfuta sai ta sauka har faifai, kuma a faifan da, mai juyawa da allura, wannan jan aiki ne.

Shekara goma aka yi ana faci. A 2008 Torvalds ya sa a raba ƙirgar kashi-kashi a riƙa yin su lokaci guda, a 2014 wannan ya zama al'adar Git ba sai an kunna ba. Wani ɗan ƙasar Biyetnam, Nguyễn Thái Ngọc Duy, ya kawo gyara biyu masu nauyi: raba kundin gida biyu don kada a riƙa sake rubuta shi duka saboda ɗan canji, da kuma sa Git ya riƙa tuna foldojin da bai ga sabon abu a cikinsu ba, ya tsallake su muddin lokacinsu bai motsa ba. Masu kula da Git na Windows suka ƙara tasu dabarar, ta ɗebo bayanan folda a dunƙule maimakon tambayar fayil ɗaya-ɗaya. Har da wata alama da za ka manna wa fayil ka ce wa Git ya ɗauka ba ya canzawa, alkawari a wuyanka. Wannan komawa ce ga zamanin neman izini ta ƙofar baya, kuma ta jefa mutane da yawa a rami, domin sun mayar da ita hanyar ɓoye gyaran da ba sa son a ajiye, abin da ba don shi aka yi ta ba. Dukkan facin nan sun rage nauyi. Ba wanda ya taɓa tushen lissafin.

Abin mamaki, mai gadin na nan tun tuni, ba a dai ɗauke shi aiki ba. Manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ita ce ke buɗe kowane fayil ta rufe, don haka ba abin da ke motsi ba da saninta ba. Windows na da hanyar sanar da canji tun shekarun 1990. FreeBSD ta sami kqueue a 2000. Linux ta karɓi inotify, aikin John McCutchan da Robert Love, a watan Agustan 2005, wata huɗu kacal bayan haihuwar Git. Apple ya kawo FSEvents a 2007. To me ya hana a ce wa Git ya daina yawo, ya tambayi wanda ya gani da idonsa?

Mutanen Mercurial sun gwada, suka ji jiki. Sun haɗa manhajarsu da inotify, ta yi shekaru tana ba da matsala, a 2014 suka tumɓuke ta. Matsalolin ba na wasa ba ne. Ita inotify ba ta sa ido a kan folda har da 'ya'yanta da jikokinta, sai an yi wa kowace folda rajista daban, kuma tsawon shekaru iyakar da Linux ke zuwa da ita 8,192 ce. In aka buɗe sabuwar folda aka zuba mata fayiloli kafin a gama yi mata rajista, waɗannan sun wuce ba a gani ba. In canje-canje suka yi ambaliya, kamar lokacin da ake harhaɗa babbar manhaja, layin saƙonni ya cika a 16,384, sauran su zube. Sannan ga jinkiri: saƙo ba ya isowa a daidai lokacin da abu ya faru, don haka kana iya gyara fayil, ka tambaya nan take, a ce maka ba komai, alhali labarin na kan hanya. Kowace babbar manhaja kuma da irin nata halin. Wata ta faɗi sunan fayil, wata ta ce dai an taɓa wani abu a folda kaza.

A ganina masu Git ba ragwanci ko taurin kai ya sa suka ja ƙafa ba, ko da yake an sha zarginsu da haka. Amsa a makare tana ɓata rai. Amsar ƙarya tana ɓatar da aiki, kuma ba ka sanin ya ɓata sai ranar da ka neme shi.

Facebook ne ya fara warware ƙullin. Rumbunsu ya ninka na Linux sau da yawa, a lokacin da Linux ke da fayil 44,000 da layi miliyan 17, wato 2013. Injiniyansu Wez Furlong ya rubuta Watchman, suka sake shi kyauta a wannan shekarar. A Janairun 2014 Durham Goode da Siddharth Agarwal suka bayyana cewa kamfanin ya zaɓi Mercurial a kan Git, saboda an rubuta ta da harshen Python a tsarin da ke da sauƙin yi wa ƙari, kuma da suka haɗa ta da Watchman, duba abin da ya canza ya fi na Git sauri fiye da ninki biyar.

Ba ganin Watchman ne ya fi na magabatansa kaifi ba, inotify ɗin nan da FSEvents ɗin nan yake saurare. Ɗabi'u biyu ne suka bambanta shi. Ta farko maganin jinkiri ce. In aka yi masa tambaya, ba ya amsawa kai tsaye. Sai ya ƙirƙiri wani ɗan fayil na banza mai sunan da ba a taɓa yi ba, a cikin wurin da yake tsaro, ya jira har labarin wannan fayil ɗin ya iso masa ta hanyar da sauran labarai ke isowa. Tunda saƙonni a jere suke tafiya, isowar nasa shaida ce cewa duk abin da ya faru kafin tambayar ya riga ya iso. Sai ya goge shi ya ba da amsa. Dabarar ba ta da wani ƙyale-ƙyale, amma ban san wadda ta fi ta wayo a wannan fagen ba. Ta biyu ita ce faɗin gaskiya. Kowace amsa tana zuwa da wata lamba, wadda mai tambaya zai dawo da ita gobe ya ce a ba shi abin da ya faru daga nan. In a tsakani an kashe Watchman an kunna, ko saƙonni sun zube, ba ya ƙagawa. Sai ya ce wannan lambar ba ta zamaninsa ba ce, a ɗauka komai ya canza. Mai tambaya ya koma ya yi cikakkiyar ƙirga sau ɗaya, a ɗora daga nan. Mai gadin da in gyangyaɗi ya ɗauke shi zai fito ya ce ya yi barci, shi ne ake iya dogara da littafinsa a sauran ranakun. A 2016 Mercurial ta shigar da wannan haɗin cikin jikinta da sunan fsmonitor.

Google bai bi ta nan ba. A bayanin da Rachel Potvin da Josh Levenberg suka wallafa a 2016, rumbunsa na da fayil kusan biliyan ɗaya da layi biliyan biyu, terabayit 86. Wannan ba ya shiga kwamfutar kowa. Suka gina Piper, tare da wani tsarin da ke nuna wa injiniya kamar komai na gabansa, alhali abin da ya gyara kaɗai ke ajiye a ɓangarensa. A nan tambayar ta mutu da kanta.

A ɓangaren Git, David Turner na kamfanin Twitter ya kawo gyaran da zai haɗa shi da Watchman a 2014, aka yi ta tattaunawa, bai shiga ba. Sai da Microsoft ya zo da lalurarsa. Kamfanin ya ƙudura kwashe rubutun Windows daga tsohuwar manhajarsa ta cikin gida, Source Depot, zuwa Git: fayil miliyan 3.5, gigabayit wajen 300, injiniyoyi kimanin 4,000. Alƙaluman da suka bayar a Fabrairun 2017 sun isa su sa mutum dariya ko kuka. Sauke rumbun, fiye da awa goma sha biyu. Sauya reshe, awa biyu zuwa uku. Tambayar me ya canza, kusan minti goma. A lissafa injiniya 4,000 kowanne na wannan tambayar sau da yawa a yini.

Maganinsu na farko, GVFS, ya yi kama da na Google: fayiloli su bayyana kamar suna nan, amma ba a sauko da su sai an buɗe. Minti goma ya koma daƙiƙa huɗu zuwa biyar. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma da sauran rina a kaba. Brian Harry, ɗaya daga cikin jagororin aikin, ya bayyana a watan Mayun shekarar cewa saurin na raguwa a hankali, domin kullum injiniya na ƙara buɗe fayiloli, Git kuma na ƙirga duk wanda aka taɓa buɗewa ko da karanta shi kawai aka yi. Sai da suka sake lale, suka sa ƙirgar ta tsaya a kan waɗanda aka gyara. Sannan tsarin na buƙatar kutsawa can cikin babbar manhaja, kuma Apple ya sanar zai rufe irin wannan ƙofar a kwamfutocinsa, ga shi masu rubuta Office na buƙatar aiki a Mac. Dole aka dawo kan hanyar da ba ta buƙatar kutse, wadda ta haifi manhajar Scalar a 2020.

Daga nan abubuwa suka shigo Git daki-daki. A Janairun 2018, Git 2.16 ya zo da aikin Ben Peart na Microsoft: ba a saka Watchman a ciki ba, an dai buɗe taga da Git zai iya tambayar duk mai gadin da ka naɗa. Da farko agogo ake amfani da shi, Git ya ce a ba shi abin da ya canza daga lokaci kaza. Agogo kuwa ya sha ba da kunya a wannan harka, don haka a 2020 aka koma ga lambar da mai gadin ke bayarwa da kansa, yadda Watchman ke yi tun asali. A Yunin 2022, Git 2.37 ya fito da mai gadi na cikin gida, aikin Jeff Hostetler, da ɗan fayil ɗin gwajinsa da lambarsa da al'adar cewa a sake ƙirga in ya yi shakka. A gwajin da Hostetler ya nuna, da rumbun Chromium mai fayil kusan 400,000 da wasu biyu masu miliyan ɗaya da miliyan biyu, jiran da ke kaiwa daƙiƙa 17 zuwa 85 ya sauko ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Shekara goma sha bakwai ke nan bayan inotify. Kuma wannan fitowar ta Windows da macOS ce kaɗai. Masu Linux, inda aka haifi Git, aka bar su da Watchman. Mai gadin na cikin gida ya kuma ƙi yin tsaro a rumbun da ke ajiye a wata kwamfutar sai in mai shi ya dage, saboda in wani ya yi gyara daga can, labari ba lallai ya iso nan ba.

Mai karatu a Maska na iya cewa ina ruwan biri da gada, wa ke da fayil miliyan a nan? Ba kowa, gaskiya ne. Amma ragowar wannan tarihin na iso mana ta ƙofofin da ba a zata ba. Ɗalibin da ya ɗora Linux a laftof ɗinsa na hannu, ya fara aikin shafin intanet da JavaScript, foldar node_modules kaɗai na iya tara masa dubban foldoji. Rana ɗaya manhajar rubutunsa ta ce ba za ta iya sa ido a kan canje-canje ba, ko wani jan rubutu ya fito yana cewa an kai iyakar masu tsaron fayil. Iyakar nan ta inotify ce ya yi karo da ita. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a ɗaga ta zuwa 524,288, kuma daga Linux 5.11 a 2021 iyakar ta koma bin girman ƙwaƙwalwar kwamfuta. Tun kafin wannan, sanya foldar a jerin abin da za a ƙyale ya fi komai sauƙi.

Sai batun wuta. Waɗanda suka tsara mai gadin nan suna zaune ne a inda kwamfuta ke yin makonni ba a kashe ta ba. A wajenmu, in batir ya tsufa aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu, mai gadin ya mutu da abin da ya tara, tunda a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake riƙe da shi. In an dawo sai cikakkiyar ƙirga, a kan faifan da bai ɗumama ba. Ba a yi asarar komai ba sai lokaci, kuma haka aka tsara, amma ribar da mutumin can ke ci yini guda, ɗan Funtua gutsi-gutsi yake cin tasa. Sauya tsohon faifai mai juyawa da na zamani marar allura ya fi yi masa amfani a kan kowane saiti.

Ƙofa ta uku ta fi su haɗari. Tagar da aka buɗe a 2018 umarni ce da Git ke zartarwa da kansa, kuma ana rubuta ta ne a fayil ɗin saiti na cikin foldar .git. Saukewa daga shafin GitHub ba ta kawo wannan fayil ɗin. Amma mu da tsadar data ta koya wa miƙa aiki ta filashi ko a dunƙule ta WhatsApp, foldar .git ɗin muke miƙawa da duk abin da ke cikinta. Mugun mutum na iya rubuta nasa umarnin a gurbin mai gadi, kai kuma kana buga git status ya tashi aiki. Masu binciken tsaro sun yi ta jan hankali a kan wannan a 2022, kuma a watan Afrilun shekarar Git ya daina amincewa da rumbun da ba mai amfani da kwamfutar ne ya mallake shi ba sai an ba shi izini. Wannan ya taimaki kwamfutocin haɗaka irin na cibiyoyin koyo. Bai kare wanda ya warware dunƙulen baƙo a cikin foldarsa ba, tunda da ya warware ya zama nasa. Leƙa fayil ɗin saitin kafin buga komai bai fi aikin minti ɗaya ba.

Ko da mai gadi na aiki ƙalau, an gano wani nauyin da ƙirga ta daɗe tana rufewa: kundin kansa. Kowane layi na cin bayit sama da 60 ban da tsawon sunan fayil, don haka rumbu mai fayil miliyan biyu na da kundin da ya haura megabayit 120, kuma sai an karanta shi a yawancin umarni. Derrick Stolee ya jagoranci gyaran da ya shigo a 2021, inda folda sukutum da ba ka aiki a cikinta ke komawa layi ɗaya. A Oktoban 2022 Scalar ya shiga cikin Git, a Nuwamba kamfanin Meta, wato Facebook na da, ya saki Sapling, jikar Mercurial ɗin da suka yi shekaru suna sassaƙawa.

Duk da haka, in ka sauke Git sabo fil, mai gadin a kashe yake zuwa. Sai ka buga git config core.fsmonitor true da hannunka. In ba ka buga ba, Git zai bi fayilolinka ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar girma da lokaci, kamar yadda Torvalds ya tsara a Afrilun 2005.